Daga Ƙoƙo Zuwa Kofi Mai Suna

A aji ana koya mana tarihin Damagaram da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ni kuma ina ganin akwai wani tarihin a cikin abin da muke kai wa baki.

A ƙauyukanmu na Gouna, kamar sauran ƙasar Mirriya da ta yi suna wajen ginin tukwane, randa ɗaya ce a tsakar gida, moɗa ɗaya a kanta. Baƙo ya zo, a miƙa masa ruwa a ƙoƙo kafin a tambaye shi sunansa. Fura kuwa ƙwarya ɗaya ake zagayewa, ludayi na yawo hannu zuwa hannu. Mutum biyu kawai ake ware wa mazubi: maigida, don girmamawa, da mai ciwon da ake gudu, kamar kutaren da aka tura unguwar Kara-Kara a Zinder. Ka ga kenan, a da, kofinka kai kaɗai ko dai daraja ce ko wariya.

Ƙaramin kofin shayi baƙo ne, ta Sahara ya shigo. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma rasu a 1884, ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gat na sauka a Zango, wajen Larabawa da Buzaye. Koren ganyen shayi kuwa na Sin ne. 'Yan kasuwar Ingila suka cika Maroko da shi a ƙarni na 19, daga nan ya bi makiyaya da fatake ya gangaro kudu sannu a hankali. Ko sunan finjali daga Larabci muka aro shi. Shayi da sukari kayan masu hali ne a lokacin, talaka sai dai ya ji ƙamshi.

Faransawa suka ci Zinder a 1899 bayan yaƙin Tirmini, garin ya zama babban birnin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926. Da su da kantunansu aka saba da kofi mai mariƙi, da kafe da burodi da safe. Wanda ya shiga lakwal ya zama ma'aikaci, shi ke da irin wannan kofi a kan tebur. Daga baya Nescafé da madarar gwangwani suka kai shi teburin mai shayi a tasha, inda kowa ke sha da kuɗinsa a kofin roba.

Sai shekarun 1990. An yi babban taron ƙasa a 1991, aka karya darajar sefa da rabi a 1994, gwamnati ta rage ɗaukar aiki. Yayyenmu masu takardu suka rasa abin yi, suka kafa fada a bakin titi: tabarma, rediyo, gawayi, buta da finjali biyu ko uku. Abin sarakuna da fatake ya dawo hannun marasa aiki, har sunan fada suka ɗauko daga gidan sarki. Ana dafa shayi sau uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, a fara miƙa wa babba. Manya na cewa zaman banza ne. Amma fa a nan ake haɗa kuɗin suna da na asibiti, a nan ake jin labarin aiki. Wanda aka daina miƙa wa finjali ya san an yi fushi da shi, ba sai an faɗa ba.

Yanzu mu ɗalibai kowa na son kofinsa mai suna ko hoto, irin wanda ake rabawa a biki ko taron ƙungiya. Ban ga laifinsa ba, likitoci ma sun fi son haka saboda tari da sauran cututtuka. Tambayata ita ce, in kowa ya riƙe nasa a ɗaki, da me za mu gane wanda ya kwana bai ci ba? A fada, da an zuba shayi ake ganin wanda bai zo ba, a tashi yaro ya je ya dubo shi.