Tarihin Baƙin Allo: Tsofaffin Umarnin Kwamfuta da Magadansu



Duk wanda ya taɓa danna etuwal, ƴan lambobi, sannan diyez don ya duba kuɗin da ya rage a wayarsa, to ya ɗanɗana abin da za mu yi magana a kai yau. Ka rubuta umarni, na'ura ta ba ka amsa da rubutu, ba hoto ba ado. Haka masana kwamfuta ke aiki a baƙin allo fiye da shekara 50.

Labarin ya faro a 1969, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin Unix. Dabararsu ita ce kowane ƙaramin umarni ya yi aiki ɗaya, ya yi shi da kyau. Ka rubuta ls, ya jero maka fayilolinka. Ka rubuta cat, ya nuna abin da ke ciki. Shi kuwa grep, wanda Thompson ya rubuta a farkon shekarun 1970, aikinsa tono kalma a cikin tarin rubutu. A 1983 Richard Stallman ya kafa shirin GNU don a sake rubuta waɗannan kaya kyauta ga kowa, sai a 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux. Yau yawancin manyan na'urorin da ke riƙe da intanet a kansa suke, har wayar Android ɗin da ke hannunka.

To ina ruwan Bahaushe? Akwai fa. An ƙera tsofaffin kayan nan a zamanin ASCII, tsari mai alamomi 128 kacal, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ da muke rubutawa a Nijar. Sai a 1992 Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wanda ya ba haruffanmu masu lanƙwasa wurin zama. Duk da haka wasu tsofaffin ba su waye da wuri ba. Umarnin tr na GNU ya daɗe idan ka sa shi ya mayar da rubutu manyan baƙaƙe, sai ya tsallake ƙ da ɗ kamar bai gan su ba. Kun ga ke nan jerin sunayen ƴan makaranta na iya fitowa rabi da rabi.

Sabon zubi ya kankama bayan 2015, shekarar da harshen Rust ya tsaya da ƙafarsa. A 2016 Andrew Gallant ya fitar da ripgrep, mai saurin bincike, wanda tun ranar farko ya san ƙ da Ƙ harafi ɗaya ne. David Peter ya kawo fd a madadin find, da bat a madadin cat, masu launi da sauƙin rubutawa. A Oktoban 2025 kuma, Ubuntu 25.10 ya zo da ls da cat da ƴan uwansu da aka sake rubutawa da Rust.

Amma a kula. Exa, wanda ya yi tashe a matsayin magajin ls, mai shi ya daina kula da shi, sai a 2023 wasu suka ɗauki aikin da sunan eza. Shi ls yana nan daram tun 1971. Kuma sababbin nan yawanci sai ka sauko da su daga intanet. Mu da muka san yadda rezo ke ɗaukewa a ƙauyukanmu, mun san ranar da manhaja ta ƙi buɗewa, etuwal da diyez ne ke fitar da mutum kunya.

Don haka ɗalibanmu da ke Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da ƙannenmu masu koyo a gida, ku fara da tsofaffin, don su ne za ku tarar a kowace na'urar Linux da aka ba ku. In hannu ya faɗa, sai ku ƙara da sababbin. Mai garmar shanu ai ba ya jefar da hauya, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani.