Rigar zabo da kwaɗin Mustafa Alasan

A makarantunmu na firamare, nan Zariya ko Tibiri ko Jiratawa, idan lissafi ya ci lokaci, darasin zane ake fara yankewa. Hujjar ba ta wuce ɗaya ba: yara ba su da alƙaluman launi, iyaye kuwa da ƙyar suka sayi littafin rubutu. Tarihi bai goyi bayan wannan hujja ba. Abubuwa biyu da suka fi ba mai zane wuya, wato nuna kaushin abu ko santsinsa da kuma nuna motsinsa, da baƙi da fari aka daɗe ana yin su a ƙasar nan.

Masaƙa ne suka riga kowa. Saƙi ba komai ba ne illa farin zare da zaren da aka rina da baba har ya yi baƙi, a sarƙa su ƙanana-ƙanana. Idan ka matso kusa, baƙi daban fari daban. Ka ja da baya taki biyar, sai idonka ya haɗe su ya ga jikin zabo. Haka masu zanen ƙwarya: a kankare nan, a bar can, a ƙona layi da wuƙa mai zafi, sai ka ji kamar ka shafa tun ba ka taɓa ba.

Wannan rigar saƙi ta shiga littafin Turai tun da wuri. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauko daga Agadas ya iso Tasawa a watan Janairun 1851, ya bi ta Gazawa da Katsina, ya shiga Kano farkon Fabrairu. A littafinsa mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858, ya faɗi cewa Buzaye suna kiran wannan riga rigar zabo, ya kuma sa hotonta. Ba hoton kyamara ba ne. A guntun katako ake sassaƙa irinsa: inda aka bari ya ɗauki tawada ya fito baƙi, inda aka ƙwaƙule ya fito fari. Babu ruwan toka a hannun masassaƙin. In yana son duhu sai ya matse layukansa, in yana son haske ya ware su. Ke nan shi da masaƙin da ya yi rigar dabara ɗaya suka yi, ɗaya da zare ɗaya da wuƙa, kuma babu wanda ya san ɗan'uwansa.

Motsi ya fi wuya, kuma a nan ne Nijar take da abin tunƙaho wanda ɗalibanmu ba su sani ba. An haifi Mustafa Alasan a 1942 a N'Dougou. Tun yana yaro yake yanka kwali ya yi siffofi, ya kunna fitila bayan farin ƙyalle, mutane su taru suna kallon inuwa tana tafiya. Baƙar inuwa ce a kan fari, ba ido ba hanci, amma daga karkatar wuya da ɗagin ƙafa mai kallo yake gane wa ke gudu, wa ke taƙama. Da ya zo Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, daga baya ya tafi Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, fim na kamar minti biyar, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki ƙasar maƙwabta. Jirgin sama, faretin soja, gaishe-gaishen manya, duk da siririn baƙin layi a kan fari. Shekara shida ke nan da samun ƴancin kai, kowa kuwa ya gane da su wa ake.

Yadda kwaɗon yake motsi shi ne abin da malami ya kamata ya riƙe. Na'urar silima tana wuce hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, minti biyar ke nan hoto 7,200. Kowane zane a tsaye yake cik. Ɗan bambancin da ke tsakaninsa da na gabansa, ƙafa ta ɗan ɗaga, kai ya ɗan sunkuya, shi ido yake ɗinkewa ya ga tafiya. Da Mustafa ya cika kwaɗinsa da ado da inuwa, da aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai ya rage komai ya bar layin da motsin yake buƙata kawai. A ganina wannan ragewar ita ce gwanintarsa, ba talaucin kayan aiki ba ne kamar yadda wasu suke ɗauka. Ya zauna Tawa shekaru da yawa yana aikinsa, har ya yi fim na kokawa da ƴan tsana. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015.

Yaronmu na yau yana riƙe da kayan aikin duka biyu. Da asuba baƙar tawada a kan farin allo, da hantsi farin alli a kan baƙin allon lakwal. Wanda ya iya danna alƙalamin kara ya yi kauri, ya sassauta ya yi siriri, ya riga ya san rabin abin da masassaƙin Barth ya sani. A ajiye masa tabarmar kaba da tulu da reshen zogalen Jiratawa, a ce ya bambanta jikinsu da ɗigo da layi kaɗai. Iyayen da ba sa son zanen abu mai rai ma ba su da abin ƙi a nan. Na motsi kuwa, kusurwar tsohon littafin rubutu ta isa: shafi ashirin, a kowanne a zana guga ya ɗan fi na baya sauka cikin rijiya, sannan a saki shafukan da babban yatsa.