Tarihin Rage Ƙiba da Cin Maiƙo, da Darasinsa ga Mutumin Kwatarkwashi

Ya kai mai karatu, idan an ce maka barin tuwo a koma ga nama da ƙwai da man shanu wani sabon sirri ne na rage ƙiba, to ka sani maganar ta haura shekara 160. Yana da kyau ka san asalinta kafin ka juya wa akushi baya.

A birnin Landan aka yi wani mai sana'ar shirya jana'iza, William Banting. A 1862 yana da shekara 65, ga shi gajere, nauyinsa kuwa ya kai kilo 92. Ba ya iya ɗaure igiyar takalminsa, kuma da baya da baya yake saukowa daga bene. Da jinsa ya fara raguwa sai ya je wurin likita William Harvey, wanda ya hana shi burodi da sukari da dankali da giya da madara, har da man shanu. Cikin shekara guda ya sauke kilo 21, ya kuma wallafa labarinsa a 1863. Ka lura, sitaci da zaƙi ya rage, ba a umarce shi da kwankwaɗar mai ba.

Tsarin cin maiƙo da yawa daga asibiti ya fito. A 1921 Dokta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi domin masu farfaɗiya, ya kira shi abincin kito. Idan sitaci ya yi ƙaranci, hanta tana sarrafa kitse ya zama makamashin jiki, kamar yadda take yi idan an daɗe ba a ci abinci ba. Dokta Robert Atkins ne ya yayata shi ga masu ƙiba da littafinsa na 1972.

Shin ya fi sauran hanyoyi? Nauyin da ke saurin zubewa a makon farko yawancinsa ruwa ne. A 2018 masanan Jami'ar Stanford suka bayyana sakamakon bin mutum 609 na tsawon shekara guda: masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage mai kuwa kilo 5 da 'yan kai. Dukkansu an hore su da rage sukari da fulawa, su yawaita ganye.

Yanzu dawo gida. Kakanninka da suka zauna a gindin Dutsen Kwatarkwashi tuwon dawa da furar gero suka ci, amma suna wuni a gona riƙe da fartanya, suna zuwa cin kasuwa a ƙafa. Baƙin da suka shigo daga baya su ne lemon kwalba, farin burodi, taliya, shayi mai tarin sukari, da babur da ya raba mutum da tafiya.

Saboda haka fara da sallamar waɗannan baƙi. Rage malmalar tuwo, ka ƙara zogale da rama da wake da gyaɗa da ƙwai, ka kuma riƙa takawa kullum. Idan kana shan maganin ciwon sukari ko hawan jini, ko kana da ciwon ƙoda, kada ka yanke sitaci sai da sanin likita, domin sukarin jini na iya faɗuwa har mutum ya suma. Haka ma mai juna biyu da mai shayarwa. Banting kansa da shawarar likita ya fara.