Gurbin Naƙasassu a Labaran Soyayyar Zamanin Da

Wanda ya tashi a Fakuwa, ko wani ƙauye na ƙasar Kankiya da Kusada, da wuya a ce bai ji tatsuniyar yarinyar da ta ƙi samarin gari ta auri kuturu ba. Bayan an gama yi mata dariya sai kuturun ya tuɓe fatar, ashe ɗan sarki ne. Muna yara mun yi murna da wannan ƙarshe. Yanzu da na girma shi ne yake damuna, domin abin da tatsuniyar ta koya mana shi ne an saka wa yarinyar da alheri ta hanyar raba ta da kuturu. Wanda aka so ɗin ma ba kuturun ba ne, ɗan sarkin da ke ɓoye a ciki ne.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, labaran soyayyarmu da ake kai wa zamanin da, na littafi da waɗanda ake turawa ta waya a yau, sun gaji wannan fata ta kuturu ba tare da sun bincika ta ba. Tun bunƙasar adabin kasuwar Kano a shekarun 1980, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa sun yi ƙarfin halin taɓa auren dole da kishi da girman kan masu kuɗi. Sai dai a abin da na karanta na labaran sarakuna da mayaƙa, naƙasa takan zo ne a matsayin jarrabawa da ake yaye wa jarumi kafin ɗaurin aure, ko kuma horon da ke sauka a kan muguwar kishiya. Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba: a littafin Jane Eyre na 1847, sai da marubuciyar ta mayar wa makahon angon da ɗan gani a ido guda kafin ta rufe littafin.

Ana iya cewa ai haka zamanin yake, naƙasasshe ba ya da wuri sai bakin kasuwa da ƙoƙon bara. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A biranen Hausa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, kowanne da fadawansa da ikon sasanta jama'arsa, har da rigimar aure. Makafin Kano suna da unguwarsu a Dala. A bori, Kuturu na cikin manyan iskoki, ba ƙaramin bara ba ne. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ko karin magana ma ta san da zaman mai zaɓi, tunda ta ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa.

Inda na fi ganin marubutanmu sun yi asara shi ne wajen fiƙihu. A Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, aibobin da ke ba da damar warware aure su ne hauka da kuturta da albaras da ciwon da ke hana saduwa. Makanta ba ta ciki, gurgunta ba ta ciki, kurumta ma haka. Ke nan uban da ya hana 'yarsa auren makaho ba shari'a ce ta hana ba, kunyar dangi ce da tsoron bakin mutane. Wannan tazara tsakanin abin da alƙali ya halatta da abin da gwaggo ta ƙi, ai ita ce ainihin filin labarin soyayya. Kuma ƙissar Julaibib, sahabin da Annabi (SAW) ya nema wa aure, iyayen yarinya suka yi jinkiri ita kuwa ta amince, tana bakin masu wa'azi kullum. Ba a canja masa kama ba kafin a ɗaura, bai kuma canja ba har ya yi shahada.

Kuturta ita ce mai wuya, shi ya sa ta fi cancantar alƙalami. A shekarun 1930 aka kafa mazaunan kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, Mishan ɗin SIM ya riƙa gudanar da su. A lokacin babu maganin da ke warkarwa sosai, sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dapsone ta fara shigowa. Mutane sun yi shekaru a can, sun yi noma, sun yi aure, sun haihu. A ƙaddara wata budurwa daga Fakuwa, an sa mata rana, sai tabo ya fito mata a goshi a 1940. Shari'a ta ba saurayin damar janyewa. Ya janye ko ya bi ta? In ta sami wani a Babbar Ruga, wa zai zama waliyyinta? In magani ya zo cutar ta mutu, yatsun da suka tafi ba sa dawowa, to gidan ubanta zai karɓe ta? Ban ga labarin gimbiya da aljani da ya kai wannan nauyi ba.

Akwai kuma batun masu karatu. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Nijeriya a 2020, amma yaran da ta gurgunta a farkon shekarun 2000 yau su ne samari da 'yan mata. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a 2019 ta yi maganar aiki da gine-gine da sufuri, ba ta da ikon shiga zance a ƙofar gida. Yarinyar da ke kan keken guragu a Kusada tana karanta labarin da ƙawayenta ke karantawa a waya, kuma tana lura da cewa duk mai irin ƙafarta sai ta miƙe tsaye kafin a kawo lefe.