Ɗakin Tsumburbura da Sarautar Kano

Duk ɗalibin da ya karanta Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ci karo da sunan Tsumburbura. Sai dai akasari akan ɗauki labarinta a matsayin tatsuniyar jahiliyya kawai, alhali kuwa a cikinsa akwai tarihin yadda aka kafa mulki a Kano.

Littafin ya nuna cewa mazaunin Tsumburbura wata itaciya ce da ake kira Shamus, wadda aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Kwana biyu rak a shekara yake saukowa daga Dutsen Dala. Jama'a kan taru daga ko'ina da baƙin bunsuru da baƙin kare da baƙar kaza, shi kuma ya shiga, ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekarar. Ke nan wannan wuri shi ne ya haɗa kan ƙauyukan da ba su da sarki ɗaya. Irin wannan matsayi ba baƙo ba ne a duniya, domin a tsohuwar ƙasar Japan ma kowane lardi yana da ɗakin bauta na ɗaya a daraja, wanda gwamna kan fara ziyarta.

Zuriyar Bagauda, wanda aka ce ya zo a 999, sun sami sarauta, amma asirin ƙasa yana hannun mutanen Dala. Sai a zamanin Tsamiya (1307-1343) aka fasa katangar da ƙarfi. Da Wangarawa suka zo a zamanin Yaji (1349-1385), aka gina masallaci a gindin itaciyar. Duk da haka, da Zazzau ta gagari Kanajeji (1390-1410), sai ya koma ga tsafin kakanninsa kafin ya ci nasara. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne aka sare itaciyar.

Ba a nan maganar ta ƙare ba. Sarakunan baya sun riƙi Dirki, wato Alƙur'ani da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, har Alwali (1781-1807) ya sa aka buɗe shi, jihadi kuma ya kore shi daga gadon sarauta.

Saboda haka, sarakunan Kano sun yaƙi Tsumburbura ne domin tana riƙe da biyayyar talakawa, wadda su ma ita suke nema. Wanda ya tsallake wannan babi, zai yi wuya ya fahimci abin da malaman jihadi suke nufi da garwaya Musulunci da al'adun gargajiya.