Tarihin Kimba da Yadda Aka Gane Itacenta

Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa wanda ba a san kimba ba. Ana daka ta a yajin mai jego tare da citta da kanumfari da masoro, ana sa ta a fura da kunu. Amma in aka tambayi mai kayan yaji a kasuwar Kurmi ta Kano yadda itacen kimba yake, sai ya ce shi dai a buhu yake ganinta. Ba laifinsa ba ne, gama itacen ba na tudu ba ne. Gidansa kurmi, inda ruwan sama yake da yawa, tun daga Sanagal har Sudan, ya gangara kudu har Angola. A Arewa ba a samunsa sai jefi-jefi a kurmin bakin rafi.

Saboda haka tun zamanin da kimba baƙuwa ce, daga kudu ake kawo ta. Yarbawa suna kiranta eru, Ibo suna cewa uda, Asante kuwa hwentiya. Kaya ne da ya dace da fatauci, don ba ta da nauyi, in kuwa ta bushe sosai sai ta yi watanni ba ta lalace ba. Goro fa ba haka yake ba, sai an yi ta kwance shi ana yayyafa masa ruwa a hanya. Daga Afirka ta Yamma kimba ta haye hamada, ta kai ƙasashen Larabawa, har Turai. Can suka riƙa sa ta a abinci maimakon masoron Hindu, wanda yake da tsada ƙwarai. Suka sa mata suna barkonon Habasha, ba don daga Habasha take zuwa ba, sai don a wancan zamani duk ƙasar baƙar fata Habasha suke ce mata.

Cikin shekarar 1498 Basko da Gama, mutumin Fotugal, ya zaga Afirka ta teku ya isa Hindu. Masoron Hindu ya riƙa zuwa Turai a jiragen ruwa, sannu a hankali cinikin kimba ya mutu a can. A ƙasar Hausa kuwa ba ta rasa matsayinta ba, ko da barkono ya zo daga Amurka ya fi ta zafi, domin ita ƙamshinta ake so.

Turawa sun daɗe suna cin 'ya'yan ba su san uwar ba. Sai cikin 1817 wani masanin tsirrai na Faransa, Dunal, ya rubuta littafi a kan dangin itatuwan da kimba take ciki, ya kwatanta ta, ya ba ta suna. Daga baya wani ɗan ƙasarsu, Rishar, ya sake duba ta, ya mayar da ita cikin jinsin da ake kira Zilofiya, watau itace mai ɗaci da harshen Yunanawa. Wanda ya haɗa sunayen masana da na Hausa shi ne Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa. Ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa cikin 1916, sa'an nan cikin 1937 ya fitar da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma.

Abin da binciken nan ya nuna zai ba manomi mamaki: ashe kimba 'yar'uwar gwandar daji ce. Gwandar daji gajeruwa ce, yaro ma yana tsinkar 'ya'yanta daga tsaye. Itacen kimba kuwa yana kai ƙafa 60, wani ma ya wuce, gangar jikinsa a miƙe sambal, sau da yawa da saiwoyi a gindi da suka fito sarari kamar an tokare shi. To, ina dangantaka? A fure take. Masana ba su dogara ga tsawo ko kaurin itace, fure suke dubawa. Furen kowannensu yana da kunnuwa shida, uku a waje uku a ciki, a tsakiya kuma akwai ƙananan mahaifu masu yawa. A gwandar daji mahaifun nan suna haɗewa su zama ɗa guda mai zaƙi. A kimba kuwa kowace tana girma ita kaɗai, sai su fito a tari daga kara ɗaya kamar yatsu, kowane kimanin inci 2, da ƙwayoyi biyar zuwa takwas a jere. Ɗanye kore ne, in ya nuna ya yi ja, in ya bushe ya koma baƙi-baƙi. Ganyen yana da kauri da sheƙi, ɓawon kuwa yana da ƙamshi, ana kuma yin igiya da shi. Gwandar gida dai suna ne kawai ya haɗa su, ba ta cikin dangin nan ko kaɗan.

Mai saye ya lura, yawancin ƙamshin a kwasfa yake, ƙwayar ta fi ɗaci. Kimbar da ta sha damshi har ta yi hunhuna ba ta dace da yajin mai jego ba, kome arharta.

A Sanagal kimba ta sami wani sabon aiki. Faransawa sun kai Shaihu Ahmadu Bamba gudun dole Gabon cikin 1895, ya komo cikin 1902. Almajiransa sun ce shi ya koya musu haɗa gahawa da kimba, wadda Wolof suke kira jar. Gahawar ta ɗauki sunan Tuba, garin da ya kafa, har yau kuma ana sayar da ita a titunan Dakar.