Kalmomin Turanci na ɓata aiki: ma'anarsu da nauyinsu a takardun hukuma

Idan ruwan damina ya tafi da sabon kwalbati a kan hanyar da ta haɗa Isa da Sabon Birni, mutanen Gobir za su ce aiki bai yi kyau ba. Amma rahoton da za a aika Sakkwato da Turanci ake rubuta shi, kuma kalmar da injiniya ko odita ya zaɓa ce kan nuna abin da zai biyo baya: gyara, ko horo, ko kotu. Kalmomin sun kasu gida uku, gwargwadon niyyar mai aikin.

Rashin iyawa

"Botch" na nufin kwaɓa aikin hannu, kamar magini ya ɗora bango a karkace. Asalin ma'anarta a tsohon Turanci yin faci ne, daga baya ta koma faci maras kyau. "Bungle" ta fi dacewa da dagula al'amari, kamar shirya rabon taki ya rikice. "Blunder" kuwa katoɓara ce guda ɗaya mai girma. Babu zargin mugun nufi a cikin ukun. Dokokin aikin gwamnatin tarayya suna kiran gazawar da ta yi ta maimaituwa "general inefficiency", kuma sun ware ta daga laifi.

Sakaci

Nan mutum ya iya aikin, kula ce bai yi ba. "Sloppy" da "slipshod" suna siffanta aikin da aka yi da garaje, ba tsari ba tsafta. Ta biyun ta samo asali daga mai jan takalmin da ya yi masa yawa. Fataken da ke tsallaka iyaka zuwa Maraɗi kan ji takwararsu ta Faransanci, "bâclé". Mafi nauyi a wannan gida ita ce "negligence", domin kalmar shari'a ce. Dokokin aiki sun sa ta cikin jerin laifuffukan ma'aikaci, kuma a kotu ana neman diyya a kanta.

Ha'inci

"Shoddy" ta fi sauran tarihi. Sunan yadi ne da aka fara saƙawa daga tsummokaran ulu a Batley ta Ingila wajen 1813. A yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, 'yan kwangila suka ɗinka wa sojoji kaki da irinsa, yana yagewa da wuri, sai sunan ya zama na duk aikin da ke da kyan gani ba ƙarko. Kwalbatin da aka rage wa siminti da rodi shi ne misalinsa.

Akwai wasu uku da ya kamata ɗan kasuwa ya bambance. "Substandard" kaya ne da bai kai ma'aunin da hukuma ta gindaya ba, ko da gangan ko ba da gangan ba. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke tsara irin wannan ma'auni. "Adulterated" shi ne algus, kamar zuba yashi a buhun gero ko gauraya man gyaɗa da wani mai araha. "Counterfeit" jabu ne, wato kaya mai ɗauke da sunan wani kamfani bisa ƙarya. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, tana farautar biyun nan a abinci da magunguna. Ƙarshen jerin shi ne "sabotage", zagon ƙasa, wanda dokokin aiki suka sa cikin manyan laifuffukan da ke iya kai ma'aikaci ga kora.

Abin lura

Hausa ma ta raba kwaɓa da sakaci da algus, saboda haka fassara dukkansu da "kuskure" tauye ma'ana ne. Ma'aikacin da aka ba takardar tuhuma ya duba kalmar da aka ɗora masa kafin ya amsa. Wanda ya yi katoɓara amma ya rubuta cewa ya amince da "negligence", ya ɗaukar wa kansa laifin da ya fi nasa. Haka ɗan kasuwar da aka kama kayansa ya nemi a fayyace masa ko gazawar inganci ake zargi ko jabu, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Sa hannu a takarda kamar magana ce, zarar bunu.